Babi na Biyar: Ƙasar Waziri Aku

Duk Bahaushen da ya zauna a aji ya san aku. Tun 1937, da littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fito a Zariya, tsuntsun nan mai launin toka da jar wutsiya ya zama ɗan gida. Shi ne ya riƙe ɗan sarki da labarai dare bayan dare, har bakinsa ya kai shi ga wazirci. To amma a tambayi mai karatu a Kano ko Maraɗi ko ya taɓa ganin aku a kan bishiya, yana kiwo da kansa ba cikin keji ba. Bai taɓa gani ba, domin ƙasar Hausa ba ƙasar aku ba ce. Abin da Arewa ke da shi ita ce tsirya, ƙaramar 'yar'uwarsa mai koren baya, wadda ke addabar gonakin dawa. Aku ɗan kurmi ne. A hannun masu fatauci yake isa Arewa, a ɗaure, kuma ɗaya daga cikin ƙasashensa na asali ita ce wannan da Hausawan zango suka mayar gida, wato dazukan Ghana da suka shimfiɗu daga Kumasi har bakin teku.

Mazaunin Kwadaso ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya ga abin da ya rage na wannan kurmi. Unguwar tana yammacin Kumasi, a kan titin Sunyani, da zarar an wuce gadar Sofoline. An san ta da kwalejin koyon aikin gona da cibiyar binciken ƙasar noma, amma yanzu gine-gine sun cinye kusan duk filin da ke tsakaninta da Abuakwa. Kimanin kilomita 23 arewa maso yamma da tsakiyar birni akwai gandun Owabi, ɗan ƙaramin daji mai murabba'in kilomita 13 wanda ya kewaye madatsar ruwan da Turawa suka gina a 1928. Ruwan famfon Kumasi daga nan kaɗai yake fitowa kafin a gina madatsar Barekese. Albarkacin ruwan aka hana sare dajin, albarkacin dajin kuma tsuntsaye suka samu mafaka, nau'i wajen 160, ga zalɓe da kirinjijiya a bakin tafkin, ga birai a kan rassa. A 1988 Ghana ta sa Owabi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a ƙasar, kuma har yau shi kaɗai ne ba a bakin teku ba. Ƙoramun da ke cika shi kuwa ta cikin unguwannin Kumasi suke ratsowa, suna kwaso leda da robar ruwa da ƙasar da ta zaizayo daga filayen gini.

Akwai kuma waɗanda ba su bar birni ba. Wanda ya tsaya kusa da kasuwar Kejetia da magariba zai ga jemagu dubu bisa dubu suna tashi daga bishiyoyin gidan zu na Kumasi, suna fita neman 'ya'yan itace. Mutane na ƙyamarsu saboda ƙara da kashi, alhali su ne manyan masu shuka daji. Jemage ɗaya kan ci ɗan itace a nan ya kasayar da ƙwayar a wani wuri mai nisan kilomita da yawa, kuma odum, katakon da kafintoci ke ji da shi, yana cikin itatuwan da suke yaɗawa. Ungulu ce ba ta yi sa'a ba. Dattawan mahauta suna tuna lokacin da ba a iya yanka sa a kwata sai an sa yaro yana korarsu. Yau sai a yi kwanaki ba a ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta sa ungulun gari a matakin da daga shi sai ƙarewa. Guba na kashe ta, gyaran mahauta ya rage mata abinci, sannan akwai cinikin kanta da ƙafafunta a kasuwannin magani na Afirka ta Yamma. Wannan ciniki ba baƙi ke yin sa ba, kuma ba a rasa masu jin Hausa a cikinsa.

Mai son ganin kurmi na gaske sai ya nufi kudu. Daga shatale-talen Santasi hanya ta miƙe zuwa Anwiankwanta, ta bi ta Fomena da New Edubiase, ta haye kogin Pra a Assin Praso, ta ratsa Assin Fosu da Assin Manso, inda ake yi wa bayin da aka koro daga Arewa wankan ƙarshe kafin a kai su kurkukun bakin teku, sannan ta faɗa Yamoransa kusa da Cape Coast. Tafiyar sa'o'i huɗu ce idan hanya ta yi kyau. Baƙo zai ga kore hagu da dama ya ɗauka daji yake ratsawa, alhali yawancinsa gonakin koko ne da kwakwar manja da lemo da rogo. Tun da Tetteh Quarshie ya shigo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879, manoma suke bin kurmi da gatari, kuma zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai wannan fitar da koko a duniya. Da yawa daga cikin hannuwan da suka yi wannan aiki na 'yan Arewa ne da suka zo ƙodago, waɗanda jikokinsu ke zangunan garuruwan nan a yau. Alƙaluman da aka saba kawowa sun ce a farkon ƙarni na 20 kurmin ƙasar ya kai hekta miliyan 8, kuma abin da ya rage bai kai rubu'in haka ba, kusan dukansa a cikin gandayen gwamnati. Kogin Pra ma da ake hayewa ya koma ruwan ƙasa, jawur da laka, saboda masu haƙar zinariya ba bisa doka ba, waɗanda ake kira galamsi.

Kafin a kai Pra, a ƙasar Adansi, akwai wani ƙauye da ake kira Bonkro, wanda masu kallon tsuntsaye daga Turai da Amurka suka fi mutanen Kumasi sanin sunansa. Wani tsuntsu ne ya ja su, wanda masana ke kira Picathartes. Kansa sanƙo ne, fatar rawaya ce da baƙin tabo biyu a ƙeya, wuyansa fari, wutsiyarsa doguwa, kuma ya fi son tsalle a ƙasa da tashi sama. Da laka yake gina sheƙarsa, ya manna ta a ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa a tsakiyar daji. Tun shekarun 1960 masana ba su sake ganinsa a Ghana ba, har aka fara cire rai, sai a 2003 wasu masu bincike suka yi kiciɓis da shi a gandun Subim. Daga baya aka gane mafarautan ƙauyuka sun san inda yake duk tsawon shekarun nan, ba wanda ya tambaye su ne. Yanzu mutanen Bonkro su ke raka baƙi, a hau tudu a zauna shiru gaban kogon har tsuntsun ya dawo kwana da la'asar sakaliya. Kuɗin da ake biya ya sa dutsen da dajin da ke kewaye da shi sun samu masu gadi daga cikin gari.

Gandun Kakum yana kilomita 30 arewa da Cape Coast, a kan hanyar Jukwa, ƙofarsa tana kusa da ƙauyen Abrafo. Ba a jin ƙugin teku daga cikinsa, amma iskar teku ce ke kawo masa ruwan sama, kuma kogin Kakum da ya samo suna daga gare shi shi ke shayar da Cape Coast kafin ya faɗa teku. Don kare mafarin kogin aka keɓe dajin a 1931. Keɓewar ba ta hana kamfanonin katako shiga ba, sun yi ta zaɓen manyan itatuwa har 1989. A 1992 aka mayar da shi gandun ƙasa, aka haɗa shi da na Assin Attandanso da ke maƙwabtaka, faɗinsu gaba ɗaya ya ɗan haura murabba'in kilomita 350. A 1995 kuma aka buɗe abin da ya yi masa suna, wato gadar sama. Wasu injiniyoyi biyu daga Kanada ne suka ɗaura ta tare da ma'aikata 'yan ƙasa, da igiyoyin ƙarfe da tsani da katako da raga, gada bakwai daga wannan bishiya zuwa waccan, tsawonsu wajen mita 350, a wasu wurare tsakanin ƙafar mutum da ƙasa ya kusa mita 40.

Gadar ta yi abin da aka gina ta dominsa. Fiye da mutum 100,000 ke zuwa a shekara, kuma yawancinsu 'yan Ghana ne: 'yan makaranta, ƙungiyoyin coci, samarin zango da suka haɗa kuɗin mota bayan salla. Sukan iso da hantsi, rana ta take, a hau gada ana ihu ana salati ana ɗaukar hoto, a sauko ana tambayar jagora ina namun dajin da aka ce akwai. Gaskiyarsu ce, ba su ga komai ba. Kurmi ba gandun Yankari ba ne, ba kuma na Mole ba, inda giwa ke fitowa fili ta sha ruwa a gaban jama'a. A nan taku ashirin ya isa ya ɓoye dabbar da ta fi sa girma, kuma duk mai rai ya san ƙarar mutum tun daga nesa.

Wanda ya kwana a kusa ya hau gadar da asuba, kafin motoci su iso, shi ke ganin Kakum. An tabbatar da nau'in tsuntsaye sama da 260 a gandun, kuma da yawansu ba sa saukowa ƙasa ko sau ɗaya a rayuwarsu, shi ya sa mai tafiya a ƙasa sai dai ya ji kukansu. Manyan cikinsu dangin cilakowa ne, amma cilakowar Arewa yarinya ce a gabansu. Akwai baƙi mai ƙaton tozo a kan baki, akwai mai rawayan tozo, kowanne ya kai tsawon hannun babban mutum, kuma tun kafin a gan su ake jin fukafukansu suna huci kamar zugazugin maƙeri. Al'adarsu ɗaya da ta cilakowa: macen ta shiga kogon bishiya, a liƙe ƙofar da laka a bar 'yar kafa, namijin ya yi ta kawo mata abinci har 'ya'ya su yi ƙwari. Ma'anar wannan ita ce mafarauci in ya harbe namiji ɗaya a lokacin ƙyanƙyasa, gida guda ya kashe. Akwai kuma wani babban tsuntsu shuɗi mai tukku, mai gudu a kan reshe maimakon tashi, da 'yan sha-kauci masu ƙyalli, da gaggafar kurmi mai kambi wadda abincinta birai ne. A ƙasa can cikin duhu akwai wani zabo mai jan kai da farin ƙirji, wanda babu shi ko'ina a duniya sai a kurmin da ya taso daga Saliyo ya tsaya a Ghana. Ganinsa sai an yi dace ƙwarai. Malam-buɗe-littafi kuwa nau'insa ya haura 500.

Dabbobin ƙasa sai dai a karanta sawunsu. Akwai gada iri-iri, har da babba mai rawayan baya, akwai jan aladen daji, akwai wani ƙaton barewar kurmi ja mai fararen zane da ake kira bongo, wanda masu gadin da suka shekara goma a dajin ma ba duka suka taɓa ganinsa ba. Da dare wata 'yar dabba mai kama da rema takan hau bishiya ta yi ta ƙwala ihu, baƙon da bai san ta ba sai ya rantse mutum ake yankawa.

Sai giwa. Giwar kurmi ta fi ta fili ƙanƙanta, kunnuwanta zagayayyu ne, haurenta ya miƙe ƙasa, kuma a 2021 IUCN ta lissafa ta a matsayin nau'i mai zaman kansa, ta kuma sa ta a mataki ɗaya da ungulun gari. Ƙirga ta a Kakum ya gagari ido, sai da wata masaniya Ba'amurkiya, Lori Eggert, ta bi dajin tana tsintar kashin giwaye tana gwada ƙwayoyin halittar da ke ciki, ta bambance wannan daga waccan. Sakamakon da ta fitar a 2003 ya nuna giwaye wajen 225. Garke ne mai yawa ga daji irin wannan, wanda gonaki suka yi wa zobe ta kowace fuska, babu wata hanya da ta haɗa shi da wani daji. Idan masara ta nuna, giwa ba ta san iyakar gandu ba. A dare ɗaya takan share gonar rogo da ayaba da gwaza da iyali suka dogara da ita, kuma doka ta hana manomi harbi. Dabarar da aka koya wa ƙauyukan ita ce a jiƙa tsumma da baƙin mai haɗe da dakakken barkono, a rataya a igiya a kewaye gona, domin hancin giwa ba ya jure yaji. Tana aiki, muddin ana sabunta barkonon bayan kowane ruwa, kuma kuɗin barkonon daga aljihun manomi yake fita. Duk mai yabon Kakum daga birni ya kamata ya san wa ke biyan wannan haraji.

Aku fa? Sunansa yana cikin jerin tsuntsayen gandun, kuma mai sa'a yakan ga biyu ko uku sun gifta sama suna fito. Dattawan ƙauyukan kurmi kuwa garke suka sani, ɗaruruwa, masu dawowa kwana kan itatuwan bakin kogi da ƙarar da ke hana hira. A farkon shekarun 1990 an bi ƙasar an ƙirga irin waɗannan wuraren kwana. Bayan shekara ashirin wani masani ɗan Ghana, Nathaniel Annorbah, tare da Nigel Collar da Stuart Marsden na Ingila, ya koma waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, ya kuma zauna da ɗaruruwan mutanen ƙauye da tsofaffin masu kamu. Bai samu wurin kwana ko ɗaya da ke raye ba. A wurare uku da kowannensu ke tara aku 700 zuwa 1,200 a da, guda 18 ya gani gaba ɗaya. Rahoton da suka buga a mujallar Ibis a 2016 ya ce tun daga 1992 Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta.

Bakinsa ne ya ja masa. Babu tsuntsun da ya kai shi kwaikwayon maganar mutum, kuma ba kwaikwayo kaɗai ba ne. Wani aku mai suna Alex, wanda masaniya Irene Pepperberg ta yi shekara talatin tana nazari a Amurka har ya mutu a 2007, ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga 'yan abubuwa. Irin wannan baiwa ta sa kowa na son sa a falo, daga Turai har ƙasashen Larabawa. Takardun cinikin ƙasa da ƙasa sun nuna an fitar da aku fiye da miliyan ɗaya daga Afirka tsakanin 1975 da 2013, ban da na sumoga, ban da waɗanda suka mutu tun kafin su ga filin jirgi, kuma waɗannan suna da yawa. Kamun ba wuya. Aku ba ya son kaɗaici, don haka mai kamu kan shafa danƙo a tsinke ya kafa a kan bishiyar da suke kwana, ya ɗaure wani akun a wurin yana kuka, 'yan'uwa su sauko su manne. Wasu kuma hawa suke yi su kwashe 'ya'yan daga kogo. Tsuntsun da ke shekaru kafin ya fara ƙwai, ya kuma yi biyu zuwa huɗu kacal, ba zai iya mayar da irin wannan gurbi ba.

Sannan aka sare masa gida. Aku ba ya saƙa sheƙa, kogo yake nema can sama a jikin tsohuwar bishiya, irin rimi da wadda Asantawa ke kira ofram, kuma a da manoman koko sukan bar irin waɗannan a gona don inuwa. A nan wata doka ta yi ɓarnar da ba a nufa ba. A Ghana bishiyar katako da ta tsiro da kanta ba ta mai gona ba ce, hukuma ke da ikon ba da ita ga ɗan kwangila. Shi kuwa in ya zo sara, bishiyar kan faɗa kan koko, motarsa ta tattake saura, diyyar da manomi ke samu ba ta taka kara ta karya ba. Manomi mai lissafi sai ya kashe bishiyar tun tana ƙarama, ko ya kira mai injin sara da dare su raba. Da haka gonakin da a da suke rabin daji suka zama fili, aku da manyan cilakowa suka rasa kogo a wajen gandu.

A 2007 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga tsuntsayen da aka kamo daga daji, a 2016 kuma taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Ga Ghana hanin ya zo a makare. Tsofaffin masu kamu sun riga sun bar sana'ar da kansu, don babu abin kamawa.

Ba aku ne farkon wanda kurmin nan ya yi asara ba. Wani jan biri da aka fara kai samfurinsa Ingila daga wajen Goaso a 1933, aka sa masa sunan wata Baturiya Miss Waldron, masana sun neme shi shekara da shekaru a Ghana da Kwaddibuwa, a 2000 suka ce da alama ya ƙare. Hanyar Goaso ta gaban Kwadaso take wucewa. Namun dajin da ake kashewa a waɗannan dazuka kuma da yawansu Kumasi suke ƙarewa, a kasuwar Atwemonom, inda ake babbake gyazbi da gada da mazo tun da sassafe. Doka ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da dabbobi ke da ciki ko goyo, gyazbi kaɗai aka ɗage wa mai lasisi. Ko ana kiyayewa, wannan sai a tambayi masu cin fufu da miyar nama a watan Satumba.

Daga Kakum in aka gangara teku, labarin ya sauya, tsuntsayen ma wasu ne. Gaɓar Ghana cike take da tafkunan gishiri waɗanda rairayi ya raba da teku, kuma a 1992 aka sa biyar cikin jerin Ramsar: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni-Pomadze na Winneba. Daga Satumba zuwa Maris waɗannan wurare kan cika da baƙi masu dogayen ƙafafu da siraran baki, waɗanda suka yi ƙwai a can ƙarshen arewacin duniya suka gudo daga sanyi. Wani ɗan ƙaramin fari mai bin bakin igiyar ruwa da gudu a rairayin Esiama, nauyinsa bai fi gram 60 ba, an sa wa irinsa zobe a ƙafa an tabbatar daga Girinlan yake zuwa. A rairayin Songor kuma kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, cikinsu har da mai baƙin baya irin na fata wanda kan haura kilo 300.

Mutanen Winneba suna da nasu ma'aunin. Ranar Asabar ta farkon watan Mayu ake bikin Aboakyer, inda rundunoni biyu na Effutu, Tuafo da Dentsifo, ke shiga dajin Muni su kamo mazo da rai, da hannu, ba bindiga ba kibiya, wanda ya riga kawowa gaban sarki shi ya ci. An yi shekarun da rundunonin suka dawo hannu rabbana, abin da ya sa masu bikin da kansu suka shiga maganar kare dajin.

Labarin da ya fi ƙarfafa gwiwa a gaɓar nan na wani farin tsuntsun teku ne mai baƙar hula da wutsiya mai baki biyu, wanda ƙirjinsa ke yin ja-ja a lokacin aure. A tsibiran Ailan da Birtaniya yake ƙwai, a gaɓar Ghana yake cin rani, yana bin jiragen masunta don ƙananan kifi. Daga ƙarshen shekarun 1960 yawansa a Turai ya yi ta zubewa, zoben da aka sa wa 'ya'yansa kuma suka riƙa dawowa daga ƙauyukan masuntan Ghana. Da aka bincika sai aka tarar yara ne. Sukan binne zaren roba mai zarge a rairayi, su sa ɗan kifi a tsakiya, tsuntsu ya sauko ya maƙale. Wasa ne, wani lokaci a gasa, wani lokaci a adana zoben. A 1985 gwamnatin Ghana da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, suka kafa shirin ceton tsuntsayen gaɓa, wanda masaniya Yaa Ntiamoa-Baidu ta Jami'ar Ghana ta ja ragamarsa. Ba su tsaya kan kame da tara ba. Makarantu suka shiga, suka kafa ƙungiyoyin yara masu kula da namun daji daga 1987, suka sa yaran da ke ɗana tarko su ne masu ƙirga tsuntsaye. Ƙirgar da aka tara a wannan shiri ita ta zama hujjar keɓe tafkunan nan biyar.

Kamun ya ragu, ko da yake bai mutu ba, yakan ɗago duk lokacin da aka yi sakaci. A can Turai kuma masu gadi suka riƙa kwana a tsibirin Rockabill, kusa da Dublin, suna ajiye wa tsuntsayen akwatunan ƙwai, har ma'auratan da ba su kai 200 ba a ƙarshen shekarun 1980 suka haura 1,500, wato mafi yawan na Turai duka. Kowace kaka su da 'ya'yansu suna sauka a gaɓar Ghana. Abin da ke jiransu yanzu ya fi zaren yara wuyar magani. A Sakumo, tsakanin Accra da Tema, masu gini sun cike gefen tafkin da ƙasa sun kafa gidaje a cikin filin da aka keɓe, hukuma ta rushe wasu, wasu suka sake tashi, a Songor kuma rigima ake yi tsakanin kamfani da mutanen Ada kan wa ke da ikon ɗibar gishiri.